Takalmi Wari da Wari

Ƙarfe biyun dare a ɗakin maza,
gado goma sha takwas, mu biyu rak.
Wuta ta ɗauke tun bayan isha'i,
janareta na tari kamar mai gado na bakwai.
Ni da Sista Kyauta, tocila a hammata,
muna laluben jijiya a hannun wani tsoho
da jininsa ya gaji da gudu.

Tun safe ba abin da ya ratsa maƙoshina
sai ƙosai uku da na saya a Rigasa.
Mai adaidaita ya ƙara kuɗi,
albashi ya kwana a hanya,
ƙafafuna sun kumbura cikin farin takalmi.
Ɗazu ma na daka wa ɗaliba tsawa
don ta kifar da kwanon auduga,
ta tsince shi tana haɗiye kuka.

Sai ga wani ya banko ƙofa.
"Ba ku da imani! Ruwan babana ya ƙare,
jini na hawa roba, kuna nan kuna hira!"
Yatsarsa ta kusa taɓa mini hanci.

Amsar da zan ba shi ta riga ta hau harshe,
na wasa ta tsaf
kamar wuƙar mahaucin Kasuwar Barci.
Kyauta ta ɗan taka mini ƙafa,
ta ce a kunnena, "Hansatu, dubi ƙasa."

Na duba.
Silifa ɗaya shuɗi, na wanka,
ɗaya na mata, mai fure, bai kai dunduniya ba.
Ashe haka ya fito daga Unguwar Mu'azu,
uba a kafaɗa, bai ga abin da ya taka ba.
Maɓallin rigarsa a ramin da ba nasa ba.
Wanda ke yi mini ihu ba fushi ba ne,
tsoro ne ya aro muryar zaki.

Wuƙar ta koma kube.
Na ce, "Yaya sunan Baba?"
Ya yi turus. "Malam Tanimu."
"Riƙe mini tocilar nan, mu je tare."
Hannun da ya nuna ni da yatsa
shi ya haska mini har na sauya ruwa,
yana rawa, hasken na rawa a bango.
Bai ce na gode ba.
Ya dai zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hula.

A makaranta an koya mini awon zafin jiki,
an koya mini ƙidayar bugun zuciya.
Ba wanda ya ce akwai zazzaɓin
da ba ya hawa ma'auni,
ko ya ce mai jinya ma majinyaci ne
da ba a buɗe wa kati ba.

Wajen asuba na ga Kyauta a bayan labule
tana duba waya, tana sharce ido.
Ɗanta na kwance a Kakuri, kwana huɗu,
ba ta faɗa wa kowa ba.
Duk daren nan da ta yi tana karanta ƙafafun mutane,
ni ban karanta fuskarta ba.
Na haɗa mata shayi a kofin roba,
na karɓi zagayen ƙarfe biyar.

Da gari ya waye ɗalibar ta shigo,
ta rakuɓe kamar kazar da ruwa ya daka.
Na kira sunanta, Jummai,
na ce jiya bakina ya fi ni sauri.
Ta yi murmushi, ta gyara hula.

A bakin ƙofa na tsaya jiran mota.
Mutane na shigowa da kwanon abinci da fargaba.
Ni kuwa idona na ƙasa,
ina duba takalmansu.